Jirgin Bishiyoyin Kirsimeti: Me Ya Nutsar Da Shi, Me Ya Hana A Tsamo Shi?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani jirgin katako zaune a ƙasan wani tafki a Amurka. An ce ya haura shekara ɗari a can, kuma har yau kayan da ya ɗauko suna cikinsa. Ta yaya tafki, ba teku ba, zai haɗiye babban jirgi da mutanensa? Kuma tunda an san inda yake, me ya sa ba a tsamo shi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, daga yadda ka kwatanta shi, jirgin nan Rouse Simmons ne, wanda mutanen Shikago suka fi sani da jirgin bishiyoyin Kirsimeti. Ya nutse ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, 1912, a Tafkin Mishigan, daura da garin Two Rivers na jihar Wisconsin, kuma ko mutum ɗaya bai tsira ba. In ka tambayi yawancin masu ba da labarinsa, za su ce maka guguwa ce ta ci shi. An yi guguwa kam, babu musu. Amma a nawa karatun, guguwar ta zo ne ta ƙarasa aikin da tsufa da rashin kuɗi suka riga suka ci rabinsa.

Sai mun fara gyara kalmar tafki, don ita ce ta ruɗe ka. Mu in an ce tafki, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ruwan da kake tsaye a wannan gaɓa kana hango mai wanki a waccan. Tafkin Mishigan ba haka yake ba. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu ya kusa kilomita 500, wato ya fi tafiyar Kano zuwa Abuja. Faɗinsa a wani wurin ya kai kilomita 190, zurfinsa kuwa akwai inda ya kai mita 281. Girman shimfiɗarsa ya ninka Tafkin Chadi na shekarun 1960, lokacin da yake cike, fiye da sau biyu. Shi ɗaya ne daga cikin manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, sauran su ne Superior, Huron, Erie da Ontario. Matuƙin da ke tsakiyarsa ba ya ganin ƙasa ta kowace fuska.

Kuma ta wasu hanyoyin ya fi teku mugunta. Igiyar ruwan teku doguwa ce, jirgi na hawa a hankali ya sauka a hankali. Ta tafki gajera ce, a tsaye take, wata na bin wata kusa da kusa, kafin jirgi ya farfaɗo daga dukan farko na biyu ya iso. A teku in guguwa ta taso, kyaftin na iya juya mata baya ya yi ta gudu kwana da kwanaki. A tafki kuwa gudun 'yan awoyi ne ka isa gaɓa, gaɓar da ita ce ajalin jirgi. Ga shi ruwan ba gishiri, saboda haka jirgi ya fi zama ƙasa a cikinsa, kuma feshinsa ya fi saurin daskarewa a jikin katako da igiyoyi. Watan Nuwamba shi ne mafi muni, domin a lokacin ne iska mai sanyi daga arewacin Kanada ke gangarowa ta haɗu da ruwan da bai gama hucewa daga zafin bazara ba. Shekara guda bayan Rouse Simmons, a Nuwamban 1913, guguwa ɗaya ta kashe sama da mutum 250 a tafkunan nan. A Nuwamban 1975 ma jirgin ƙarfe Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse a Superior da mutum 29. To, ina ga ɗan jirgin katako mai mita 38?

Irin jirgin ana kiransa sukuna. Ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Yana da dogayen ginshiƙai uku, kowanne ɗauke da filafilai, wato manyan ƙyallaye na zane mai kauri. Abin da ya bambanta sukuna da manyan jiragen teku na wancan zamani shi ne filafilansa suna bin tsawon jirgin ne, daga gaba zuwa baya, ba a gicciye suke ba. Wannan ya sa ana iya ɗaga su da sauke su daga dandamalin jirgi, ba sai an tura mutane sama ba, kuma mutum shida ko bakwai sun isa su tuƙa shi. Ga mai jirgi, wannan riba ce tsagwaronta. Sannan tashoshin tafkin bakin koguna ne marasa zurfi, yashi na toshe su, don haka aka ƙera jiragen da faffaɗan ciki, ba sa nutsa ƙasa sosai. Don kada iska ta riƙa zamar da su gefe, sai aka yi musu wani babban allo a tsakiya, wanda ake sauke shi ta ƙarƙashin jirgi in an fita zurfi, a janye shi in za a shiga tasha. Riƙe wannan siffa a ranka, za mu dawo gare ta: jirgi ne da aka yi shi don ya ɗauki kaya da yawa a ruwa maras zurfi da 'yan ma'aikata, ba don ya yi kokawa da guguwar hunturu ba.

An ƙera Rouse Simmons a Milwaukee a 1868, a ma'aikatar Allan, McClelland & Company. Sunan wani ɗan kasuwar garin Kenosha aka sa masa, ɗan'uwan Zalmon Simmons wanda kamfaninsa ya shahara da katifa. Tsawonsa ƙafa 123 da rabi, faɗinsa ƙafa 27 da 'yan kai, zurfin rumbunsa ƙafa takwas da ɗoriya. Ya zo duniya a kan gaɓa, domin a shekarun nan jiragen iska da ke yawo a tafkunan sun kusa dubu biyu, kuma abin da ya fi ba su abinci shi ne katako. Dazuzzukan Mishigan da Wisconsin cike suke da itacen fain, Shikago kuma na girma kamar ana hura ta. A Oktoban 1871 gobara ta cinye gine-gine kimanin 17,000 a birnin, ta bar mutum wajen 100,000 ba matsuguni. Sake gina shi ya buɗe wa katako kasuwar da ba a taɓa gani ba.

A wannan zamani ne jirgin ya shiga hannun Charles Hackley, attajirin katako na garin Muskegon, ya yi masa bauta kusan shekara ashirin. Aikin iri ɗaya ne kullum: a loda katako a Muskegon, a cika rumbu, a jibga saura a kan dandamali har ya fi tsayin mutum, a tsallaka tafki zuwa Shikago, a sauke, a dawo wayam. Ba jirgin alfarma ba ne, jakin kasuwa ne, kuma ya ci kuɗinsa.

Sai kiɗa ya canza. Muskegon da ta taɓa samun injinan yanka katako 47 ta wayi gari dajin ya ƙare, domin sara aka yi ta yi babu dashe. Jiragen tururi suka yawaita, su ba sa jiran iska, suna iya faɗa maka ranar da kayanka za su iso. Jirgin ƙasa ya kwashe wani kason. Kaya masu tsoka kamar hatsi, kwal da ƙarfen tama suka koma manyan jiragen ƙarfe. Abin da ya rage wa sukuna shi ne tsince-tsince: itacen girki, turakun shinge, ɓawon itace na majema, dankali. Hackley ya sayar, jirgin ya yi ta sauya hannu, kowane sabon mai shi ya fi na baya ƙarancin jari. Wasu 'yan'uwansa an sare musu ginshiƙai an mai da su kwale-kwalen kaya da jirgin tururi ke ja, wasu an yasar da su a bakin kogi sun ruɓe.

A nan nake so ka tsaya, don nan ne zuciyar amsar. Jirgin katako ba tulu ba ne da aka gina shi gaba ɗaya. Alluna ne aka jera a kan haƙarƙari, tsakanin kowane allo da ɗan'uwansa akwai tsaga. Ana cusa zaren tsohuwar igiya da aka jiƙa da kwalta a cikin tsagar, a buga da guduma, a like da ƙaro. Jirgi na tafiya yana lanƙwasa yana miƙewa, zaren na sassautawa, don haka aikin cusawar nan ba a gama shi, sai dai a maimaita. Ruwan daɗi kuma ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da katakon da ke jiƙewa yana bushewa, musamman inda ruwan sama ke kwanciya. Ƙusoshin ƙarfe na tsatsa, ramukansu na faɗaɗa. Da tsufa, gaba da bayan jirgi kan sunkuya ƙasa, tsakiya ta yi doro, tsagogin su ƙara buɗewa. Jirgin katako a tafkunan nan in ya shekara ashirin da biyar an ce ya yi kwana. Rouse Simmons yana da 44. Duk wannan gyara kuɗi ne, kuɗin kuwa sana'ar ta daina kawo shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga mutumin da sunansa ya manne da jirgin, Kyaftin Herman Schuenemann. Ɗan Jamusawa 'yan ci-rani ne, an haife shi a garin da yau ake kira Algoma a Wisconsin. Jamusawa ne suka kai al'adar kafa koren itace a ɗaki lokacin Kirsimeti zuwa Amurka, kuma Shikago cike take da su. Herman da yayansa August suka gane cewa a ƙarshen kaka, lokacin da sauran jirage ke ɗaurewa, ana iya yin tafiya ɗaya zuwa arewa, a saro ƙananan bishiyoyi, a kawo su birni. Dabarar Herman ita ce ya tsallake dillali. Yakan ɗaure jirginsa a gindin gadar titin Clark a tsakiyar Shikago, ya rataya fitilun lantarki, ya ɗaura bishiya a ƙolin ginshiƙi, mutane su hau jirgi su zaɓa da kansu, daga santi 50 zuwa dala ɗaya. Matarsa Barbara da 'ya'yansu mata uku, Elsie, Hazel da Pearl, suna saƙa rawanin ganye suna sayarwa. Yakan ba coci-coci da marasa hali kyauta, har jaridu suka laƙaba masa Kyaftin Santa, da sunan dattijon tatsuniyar Kirsimeti mai raba wa yara kyauta.

Kyautar gaskiya ce, ban rage masa komai ba. Amma labarin da ake yi wa yara yakan tsallake ɗaya gefen. Mutumin na fama. A 1907 sai da ya kai kansa kotu a kan karyewar jari. Jirgin ma ba nasa ba ne shi kaɗai: a 1910 ya sayi kashi ɗaya cikin takwas, Kyaftin Charles Nelson na da kashi ɗaya, sauran kashi shida na wani ɗan kasuwar tsibirin Beaver ne, Mannes Bonner. Ribar shekararsa ta rataya ne a kan tafiyar nan guda ta Nuwamba. In bishiyoyi ba su isa kasuwa da wuri ba, ranar 26 ga Disamba sun zama itacen wuta. Kuma ba wai bai san haɗarin ba ne. A Nuwamban 1898 yayansa August ya nutse da dukan mutanensa a wani tsohon sukuna mai suna S. Thal, kusa da Glencoe a arewacin Shikago, shi ma bishiyoyin Kirsimeti ya ɗauko. Herman ya yi makoki, ya ci gaba da sana'ar. Wanda bai taɓa ɗaukar bashi ya zuba a kayan da ke da ranar lalacewa ba, shi ne zai yi saurin kiransa wawa.

Ranar Juma'a, 22 ga Nuwamba, 1912, jirgin ya bar Thompson, wata 'yar tasha kusa da Manistique a can ƙuryar arewacin tafkin. Gabansa akwai kusan dukan tsawon Mishigan. An cika rumbu da bishiyoyi, an tara wasu a dandamali, adadin da aka fi ambata ya kai dubu biyar ko sama da haka. Waɗanda suka gan shi sun ce kamar daji ne ke tafiya a kan ruwa. Ban da ma'aikatansa, akwai masu saran itace da suka roƙi a rage musu hanya zuwa Shikago, shi ya sa lissafin mamatan bai tsaya wuri ɗaya ba, yawanci ana cewa 16 ko 17. Ana ruwaito cewa an ga ɓeraye na ficewa daga jirgin kafin ya tashi, har wani ma'aikaci ya fasa tafiya ya bi jirgin ƙasa. Matuƙa na ɗaukar wannan a matsayin camfi, kamar yadda suke ƙyamar fara tafiya ranar Juma'a. Ni kuwa in har batun ɓerayen ya faru, ba na ganin gaibu a ciki. Ɓera a can ƙasan rumbu yake zaune, shi ne na farko da zai san ruwa ya fara shigowa.

Abin da muke da shi a rubuce, ba ji-ta-ji-ta ba, ya fito ne daga littafin aikin tashoshin ceto. Washegari Asabar, wajen ƙarfe uku saura minti goma na rana, mai gadin tashar Kewaunee ya hango sukuna can nesa yana gangarawa kudu, tutarsa a rabin sanda, alamar neman agaji ke nan. Iska na kaɗawa da ƙarfi daga arewa maso yamma. Shugaban tashar, Nelson Craite, ba shi da kwale-kwale mai inji, na hannu kuwa ba zai cim ma jirgin ba. Sai ya buga waya zuwa tashar Two Rivers da ke kudu. Shugabanta, George Sogge, ya fita da mutanensa a kwale-kwalen ceto mai inji, suka nufi arewa don su tare shi. Suka zagaya tsinin ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu, suka duba, ba jirgi ba alamarsa. Suka yi ta nema har duhu ya yi, dusar ƙanƙara ta sauko, suka koma.

Ka lura da wannan, domin nan ne tatsuniya ta rabu da tarihi. An daɗe ana cewa masu ceton sun hango jirgin lulluɓe da ƙanƙara cikin dusa, ya ɓace musu ya bayyana, kafin ya tafi gaba ɗaya. Rahoton Sogge bai ce haka ba. Lokacin da suka isa inda ya kamata su gan shi, sarari a buɗe yake, dusar daga baya ta zo. Ma'ana, tsakanin hangen Kewaunee da isowarsu, abin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba, jirgin ya riga ya tafi ƙasa. Ba a hankali ya nutse ba.

Bayan haka tafkin ya riƙa maido da labari kaɗan-kaɗan. An tsinci kwalba a gaɓa da 'yar takarda a ciki, mai cewa jirgi na yoyo sosai, ƙaramin kwale-kwalensu ya tafi da daddare, mutum biyu sun faɗa ruwa. Masana sun rabu a kan sahihancinta, don a zamanin akwai masu rubuta irin wannan don wasa. Wanda babu jayayya a kansa shi ne na 1924, lokacin da komar masunta ta fito da walat ɗin Schuenemann, naɗe cikin zanen da ruwa ba ya ratsawa, takardun ciki ana iya karanta su. Aka mai da wa iyalinsa. Shekaru da dama masuntan Two Rivers na jawo ƙwarangwal ɗin bishiyoyi a komarsu. Barbara kuwa ba ta bar kasuwar ba. Ita da 'ya'yanta suka ci gaba da sayar da bishiyoyi a bakin kogin Shikago, daga baya jirgin ƙasa ke kawo musu, har ta rasu a 1933.

A Oktoban 1971 ne wani mai nutso daga Milwaukee, Kent Bellrichard, ya ci karo da shi. Wani jirgin daban yake nema, Vernon, mai tururi da ya nutse a 1887. Ya tarar da Rouse Simmons zaune daram a kan cikinsa, a zurfin kimanin mita 50, rumbunsa maƙare da bishiyoyi. A 2006 masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa daga Ƙungiyar Tarihi ta Wisconsin suka auna shi ciki da waje, kuma abin da suka gani ya fi kowace tatsuniya faɗa mana gaskiya. Hancin jirgin ba kudu yake kallo ba, inda Shikago take, arewa maso yamma ya fuskanta, wato cikin iskar. An jawo sarƙar anka daga ma'ajinta an shimfiɗa a gaba, alamar suna shirin jefa anka. Jirgin da ka ya tafi, hancinsa ya daki ƙasa har ya haƙa rami, ginshiƙansa suka karye suka zube gaba. Sitiyarinsa kuwa ba ya wurin. Komar masunta ce ta fito da shi a 1999, nesa da inda jirgin yake, a lalace.

In ka haɗa waɗannan, ga yadda nake karanta su. Kyaftin biyu masu shekaru a ruwa, Schuenemann da Nelson wanda shi ma yana cikin jirgin, ba za su nemi jefa anka a tsakiyar tafki cikin guguwa ba sai in jirgi ya daina jin tuƙi, ko kuma ruwan da ke ciki ya fi ƙarfin famfon hannu. Anka a irin wannan hali dabarar ƙarshe ce, don ta riƙe hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa, kada ya ba ta gefe ta kifar da shi. Wasu masu bincike na ganin wani babban sandan filafilai ne ya faɗo ya fasa sitiyarin, kuma nisan da ke tsakanin sitiyarin da jirgin ya ba wannan magana ƙarfi. Ko ma mene ne ya fara, sauran lissafi ne mai sauƙi. Tsohon jiki na shan ruwa ta tsagogi. Tarin bishiyoyi a sama na kama iska kamar bango, yana riƙe duk ruwan da ya fantsamo maimakon ya bar shi ya zurare, in sanyi ya kai kuma ya daskare a cikin ganyen. Bishiya ɗaya ba nauyi, amma dubbai jiƙaƙƙu nauyi ne, kuma a sama yake, inda jirgi maras zurfin ciki ba ya son sa. Sannan aka tara sarƙa mai nauyi a gaba. Hanci ya yi ƙasa, igiya ɗaya ta hau ba ta sauka ba, shi ke nan. Ana kuma ruwaito cewa a shekarar ba a sake cusa wa jirgin zare ba. Ban ɗora hukuncina a kan wannan ruwaya kaɗai ba, amma ta dace da halin aljihun masu shi.

Saura tambayarka ta biyu, kuma amsarta tana da suna: Alvin Clark. Shi ma jirgin iska ne na katako, ya kife a 1864 a mashigin Green Bay. A 1967 komar masunta ta maƙale a jikinsa, wani mai nutso, Frank Hoffman, ya sauka ya gan shi cif kamar jiya ya nutse. A 1969 aka ɗago shi, bayan shekara 105, har ya iya yawo a kan ruwa da kansa. An samu kayan ma'aikata a ciki, har da tukunyar cuku. Aka kafa shi a Menominee ana biya ana kallo. Amma katakon da ya shekara ɗari a ruwa, ruwan ne ke riƙe da shi. Da ya fara bushewa sai ya tsuke, ya tsattsage, ya murɗe, ruɓa ta shiga. Kuɗin ƙofa bai isa ya yi masa rumfa ta kirki ba, balle magani. A 1994 aka sa katafila ta kwashe abin da ya rage aka zubar. Ruwa ya adana shi shekara 105, iska ta gama da shi a 25.

Ana iya yin abin daidai, amma ka ji tsadarsa. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, da aka ɗago a 1961, sai da aka shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma don ya maye gurbin ruwan da ke cikin katakon, sannan aka gina masa gida na musamman da ake daidaita sanyi da laimarsa dare da rana. Wannan aikin ƙasa ne guda a kan jirgi guda. Ƙasan manyan tafkunan Amurka kuwa akwai dubban jirage.

A inda yake, Rouse Simmons na cikin ma'aji mafi arha. Ruwan can ƙasa sanyinsa bai cika wuce digiri 4 ba duk shekara, ga duhu, ga nisa daga hargitsin igiyar sama. Uwa uba, tsutsar teku mai cin katako, wadda ke yi wa jirgi abin da gara ke yi wa azara, ba ta rayuwa a ruwan da ba gishiri. Shi ya sa ka ga hoton ka yi mamaki. Doka ma ta shigo. A shekarun 1970 masu nutso sun kwashi abin da suka iya, ɗaya daga cikin ankocinsa na ƙofar kulob ɗin jiragen ruwa na Milwaukee, sitiyarin da koma ta fito da shi kuwa yana gidan tarihin masunta a Two Rivers. Amma dokar tarayya ta 1987 ta mai da irin waɗannan jirage mallakar jihar da suke cikin ruwanta, ɗaukar ko ƙusa laifi ne. A 2007 aka sa shi cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, a 2021 kuma yankin ya zama keɓaɓɓen wurin kariya. Kada a manta kuma, ga zuriyar mutanen da suka tafi da shi, wurin kabari ne. A Shikago, tun shekarar 2000, jirgin masu tsaron gaɓa mai suna Mackinaw kan kawo bishiyoyi sama da dubu kowane Disamba a raba wa iyalai marasa hali, don tunawa da shi.

Sai dai ma'ajin nan ma ya samu ɓarawo. A ƙarshen shekarun 1980 manyan jiragen teku suka shigo da wasu ƙananan katantanwa masu ɓawo biyu daga yankin Baƙin Teku, a cikin ruwan da suke ɗiba don daidaita nauyi. Sun yaɗu a tafkunan ba iyaka. Suna tace ruwa, shi ya sa hotunan yanzu suka fi na da haske nesa ba kusa ba. Amma suna manne wa katako da wasu zaruruwa, su hau kan juna, su yi nauyi, in gungu ya ɓalle ya tafi da fatar itacen. In ka sake duba hoton da ka gani, wannan kaushin da ya rufe jikin jirgin ba tsatsa ba ne, ba laka ba ce, su ne. A ƙarƙashinsu, cikin rumbu, bishiyoyin 1912 na nan a jere yadda aka loda su a Thompson, ganyen yawancinsu ya zube, sai sanduna.